Addu'ar kibiya: tarihin gajeriyar addu'a, daga hamadar Masar zuwa kicin ɗin Paris 🧵

1/ Yau tarihi za mu taɓa, zaren kuma yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Tambaya ɗaya ce ta jawo shi, wadda abokin aikina ya jefo mini a shagonmu na gyaran waya, na rasa bakin amsawa.

2/ Ya dawo daga sallar La'asar ke nan, ya ce: "Mutumina, wai ku sai ranar Lahadi kuke addu'a ne? Shekara biyu muna tare, ban taɓa ganin ka tsaya ba." Ba gatse yake ba, da gaske yake tambaya. Na yi dariya na ce ai mu a zuci muke yi. Amma ni na san ranar ko a zucin ban yi ba.

3/ Ga matsalata. Tun muna yara aka koya mana a keɓe awa guda da asuba. Sai in saita ƙararrawa ƙarfe 5, barci ya kwashe ni, in farka 7 saura, in fita a guje. Tunda awar ta kuɓuce, sai in ce ta yau ta wuce, sai gobe. Gobe ma haka. Wayata kuwa tana nuna mini na yi awa 5 ina latsa ta.

4/ Kunyar tambayar nan ce ta mai da ni karatu, in ga yaya Kiristocin farko suka yi. Su fa ba masu hutu ba ne: akwai bayi, masunta, masaƙa, 'yan tireda. Lahadin ma ranar aiki ce a daular Rum, har sai da sarki Konstantin ya mai da ita ranar hutu a shekara ta 321. Ko a lokacin, an bar manoma su ci gaba da aikin gona.

5/ Abin da na tarar a taƙaice: ba su zauna jiran su samu lokaci ba. Gajarta addu'ar suka yi, suka yawaita ta, suka ɗaura ta a jikin abin da dole zai faru kullum. Ku biyo ni mu bi sawun abin daki-daki.

6/ Tushen daga Yahudawa ne. A Daniyel sura 6, Daniyel babban jami'in gwamnati ne, aiki ya yi masa yawa, amma sau uku a rana yake durƙusawa a gaban tagar da ke fuskantar Urushalima. Zabura 55 ta ambaci yamma, safe da tsakar rana. Zabura 119 kuma ta yi maganar yabo sau bakwai a yini.

7/ Manzanni sun gaji wannan. A Ayyukan Manzanni sura 3, Bitrus da Yohanna sun tafi Haikali a sa'a ta tara, lokacin addu'a. A sura 10, Bitrus ya hau soro a Yafa a sa'a ta shida don addu'a, yana jin yunwa, ana shirya abinci a ƙasa. Wato tsakanin jiran abinci da cinsa ya saka ta.

8/ Kada lissafin ya rikita ku. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Sa'a ta uku wajen ƙarfe 9 na safe ke nan, ta shida 12 na rana, ta tara 3 na yamma. Har yau masu jin Swahili da mutanen Habasha kusan haka suke faɗin lokaci.

9/ Akwai wani ɗan littafi da ake kira Didake, wato Koyarwa, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Ya ɓace shekaru aru-aru, sai a 1873 wani malamin cocin Girka, Filoteyos Biriyeniyos, ya tsinci kwafinsa a wani ɗakin karatu a Istanbul, aka buga shi a 1883.

10/ A babi na 8 littafin ya kawo Addu'ar Ubangiji, ya umarci masu bi su yi ta sau uku a rana. Shi ke nan fa. Na ɗauko waya na auna: a natse, da Hausa, ba ta kai mini daƙiƙa 40 ba. Sau uku, minti biyu ke nan. Ka ji abin da aka fara ɗora wa sabon tuba.

11/ Mu tsallako Afirka. Wajen shekara ta 200, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, Tertuliyan ya rubuta littafi a kan addu'a. Ya ce bayan ta safe da ta dare, a riƙe sa'a ta uku, ta shida da ta tara. Ya ƙara da cewa kada mai bi ya ci abinci ko ya shiga wanka bai fara addu'a ba.

12/ A wani rubutun nasa ya lissafa lokutan da Kiristocin garinsu ke zana alamar gicciye a goshi: fita, shigowa, sa riga, sa takalmi, wanka, zaman cin abinci, kunna fitila, kwanciya. Ku duba jerin nan da kyau. Babu abu ɗaya a ciki da ke buƙatar ka ware lokaci. Duk abin da dama za ka yi ne.

13/ Wani tsohon littafin tsarin ikilisiya, da ake kira Al'adar Manzanni, ya ma yi tunanin ɗan ƙwadago. Ya ce in sa'a ta uku ta same ka a gida, ka yi addu'a. In kuma ta same ka a wani wuri, ka yi ta a zuciyarka. Ashe amsar da na ba abokina tana da asali. Aikatawa ce ban yi ba.

14/ Yanzu sai hamadar Masar, ƙarni na 4. Maza da mata suka riƙa barin gari suna komawa daji don neman Allah. Su ne 'yan zuhudu. Sanannensu shi ne Antoni, wanda ya rasu a 356. Da yawa sun zauna a yankin da yau ake kira Wadi Natrun, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, kuma har gobe akwai gidajen zuhudu a can.

15/ Za ka ɗauka tunda sun bar duniya, zama kawai suke suna dogayen addu'o'i. Ina! Sai sun ci abinci ai. Igiya suke tufkawa, suna saƙa kwando da tabarma da ganyen dabino, su kai kasuwa. Abin da ya dame su shi ne umarnin manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 5:17, cewa a yi addu'a ba fasawa. Ta yaya, alhali hannu na aiki?

16/ Wata ƙungiya ta ce mafita ita ce a bar aikin gaba ɗaya. Ana ce musu Masaliyawa, ma'ana masu addu'a. A cikin labaran dattawan hamada, an ce wasu daga cikinsu sun ziyarci wani dattijo, Abba Lukiyus. Ya tambaye su ko suna cin abinci, suka ce e. Suna barci? E. To wa ke yi musu addu'a a lokacin? Shiru.

17/ Sai ya nuna musu nasa tsarin. Yana zaune yana jiƙa ganyen dabino yana tufka, bakinsa na maimaita farkon Zabura 51, roƙon jinƙai. In ya sayar, ya ajiye tsaba biyu a bakin ƙofa. Wanda ya ɗauka zai yi masa addu'a sa'ad da shi yake ci ko barci. Taron Afisa na 431 ya yi tir da koyarwar Masaliyawa. Hanyar mai tufka ce ta ɗore.

18/ Labarin waɗannan mutane ya kai kunnen Agustin, bishop na garin Hippo, wato Annaba a Aljeriya ta yau. A 410 mayaƙan Alarik suka ci birnin Rum da yaƙi. Cikin waɗanda suka tsero Afirka akwai wata attajira da mijinta ya rasu, mai suna Proba. Ta roƙi Agustin ya koya mata yadda ake addu'a.

19/ Ku ɗan tsaya a nan. Matar nan 'yar gudun hijira ce, garinta ya faɗi, ga zuri'a a wuyanta. Wajen 412 ya aika mata amsa, wadda yau ake kira Wasiƙa ta 130. A ciki ya ba ta labarin cewa 'yan'uwa a Masar suna addu'a a kai a kai, amma gajeru ƙwarai, kamar ana cilla su da sauri.

20/ Kalmar Latin da ya yi amfani da ita daga jifan mashi ta fito. Daga nan sunan ya bi irin wannan addu'a a Turai, ni kuma na fi son in ce mata addu'ar kibiya. Dalilin gajartawar shi ya fi burge ni: don kada hankali ya dushe. Mutanen hamada sun san zuciya ba ta daɗewa wuri ɗaya, tun kafin a ƙirƙiro TikTok.

21/ Wanda ya kai dabarar Turai shi ne Yohanna Kasiyan. Ya yi shekaru a hamadar Masar tare da abokinsa Jamanus, suna bin dattawa da tambayoyi. Wajen 415 ya sauka a Marsel, kudancin Faransa, ya rubuta abin da ya jiyo. A tattaunawa ta 10, wani Abba Ishaku ya ba su sirrin: aya ɗaya tak.

22/ Ayar farko ce ta Zabura 70, roƙon Allah ya kawo ɗauki da gaggawa. Dattijon ya ce a riƙe ta a wurin aiki, a kan hanya, wajen cin abinci, har barci ya ɗauke mutum tana bakinsa. In sha'awa ta taso, ita. In fushi ne, ita. In abubuwa na tafiya daidai har girman kai ya fara leƙowa, ita dai.

23/ Bayan kamar shekara ɗari, Benedik ya rubuta ƙa'idar zaman zuhudu a Monte Kasino, ƙasar Italiya. Ya tsara addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, ya sa a riƙa buɗe na rana da ayar nan ta Kasiyan. Har yau, bayan kusan shekara 1,500, da ita ake buɗewa a gidajen zuhudu da yawa.

24/ Abu biyu a ƙa'idar sun tsaya mini. Babi na 20 ya ce addu'a ta zama gajeriya kuma tsarkakakkiya, sai dai in alherin Allah ne ya ja ta ta yi tsawo. Babi na 50 kuma ya ce wanda aiki ya kai shi nesa, ba zai iya dawowa ɗakin sujada ba, ya durƙusa nan inda yake aikin ya yi.

25/ To talakan da ba ɗan zuhudu ba fa, bai iya karatu ba, ba shi da agogo? Ƙararrawar coci ce ta zama agogonsa. Sannu a hankali, daga ƙarni na 13, aka saba buga ta da yamma, daga baya aka ƙara safe da tsakar rana. Ita ce Anjelus, wadda 'yan Katolika ke yi har yau ƙarfe 6, 12 da 6.

26/ Akwai wani shahararren zane na Jean-François Millet, wanda ya gama a 1859, yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Manoma biyu, mace da namiji, sun tsaya cak a gonar dankali, kai a sunkuye, kwando a ƙasa, hasumiyar coci can nesa. Ya ce kakarsa ya tuna, wadda ke tsai da su aiki duk sa'ad da ƙararrawa ta kaɗa.

27/ Kada wani ya ce ai wannan harkar Katolika ce. A 1529 Martin Luther ya sa gajerun addu'o'in safe, dare da na cin abinci a ƙaramin littafin koyarwarsa, don iyaye su koya wa yara. A 1535 kuma wanzaminsa, Peter Beskendorf, ya tambaye shi yadda ake addu'a. Ya zauna ya rubuta masa ɗan littafi guda.

28/ Ya gargaɗe shi da tunanin nan na bari in gama wannan tukuna, an jima zan yi. Ya ce haka ake yi har yini ya ƙare ba a yi ba. Ni ke nan fa! Sannan ya yi masa misali da sana'arsa: wanzamin da ke aski yana surutu yana waige-waige, zai yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro. Addu'a ma hankali ɗaya take so.

29/ Na ajiye gwanina a ƙarshe. Sunansa Nicolas Herman, an haife shi wajen 1614 a yankin Loren, gabashin Faransa ta yau. Ɗan talakawa ne. Ya yi soja a Yaƙin Shekara Talatin, ya ji rauni, ya ƙare da ɗingishi. Ya yi aikin barantaka a gidan wani babba, inda da bakinsa ya ce komai ya taɓa sai ya fasa.

30/ A 1640 ya shiga gidan zuhudun Karmel a Paris. Ba shi da ilimin zama firist, sai aka karɓe shi a matsayin ɗan'uwa mai hidima, ya ɗauki sunan Lawrence. Aka tura shi kicin. Shi kuwa ya tsani girki. Shekara 15 ya yi a can, daga baya da ƙafar ta matsa aka mai da shi gyaran takalma.

31/ Tsarinsa ba wuya. Kafin ya fara aiki ya roƙi taimako. Yana cikin aiki yana ɗan magana da Allah jefi-jefi, kamar yadda kake yi da wanda kuke ɗaki ɗaya. In ya gama ya duba: in ya yi kyau ya gode, in ya ɓata ya nemi gafara. Ko ƙwai yake juyawa a kasko, don ƙaunar Allah yake yi.

32/ An taɓa aikensa Burgundi sayo ruwan inabi na gidan. Ga gurguwar ƙafa, ga shi bai iya ciniki ba. A cikin jirgin ruwa ba ya iya tafiya sai dai ya mirgina a kan ganguna. Ya ce wa Allah wannan aikinka ne nake yi, kuma aka dawo lafiya. Allah sarki.

33/ Amma kada a yi muku daɗin baki. Shi da kansa ya ce shekara goma na farko wahala ya sha. Hankali ya gudu, ya jawo shi, ya sake gudu. Abin da ya bambanta shi da ni: in ya manta, ba ya zama zaman makoki. Ya amsa laifinsa, ya ce haka zan yi ta yi in ka bar ni ni kaɗai, ya ɗora daga inda ya tsaya.

34/ Wani firist, Joseph de Beaufort, ya yi hira da shi a 1666 da 1667, ya rubuta. Lawrence ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1691, aka fara buga maganganunsa da wasiƙunsa a 1692. Littafin da a Turanci ake kira The Practice of the Presence of God ke nan. Kukun da ya tsani kicin, yau Katolika da Furotesta duk suna karanta shi.

35/ Na san wani zai ce: wannan ai lasisin lalaci ne, mutum ya cilla kalma uku ya ce ya yi addu'a. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Agustin a wasiƙar nan ya ce doguwar addu'a abu ne mai kyau in akwai sarari, ya tuna mata cewa Yesu ya kwana yana addu'a. Yawan surutu ya hana, bai hana daɗewa ba.

36/ Lawrence ma yana da lokutan sujada na gidansu, bai yar da su ba. Masu tufkar hamada kuwa Zabura ce cike da kansu, daga rumbun nan suke zaro kibiyar. In ba ka karanta Littafi Mai Tsarki, ba ka zuwa sujada, kwarinka zai zama fanko. Gajeriyar tana riƙe wutar ne tsakanin girki da girki, kada murhu ya mutu.

37/ Kuskurena shi ne na mai da abin ko duka ko babu. In ban samu awa ba, ko minti ba zan bayar ba. Nehemiya fa, a sura 2, tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi addu'a. Mai karɓar haraji a Luka 18 jimla ɗaya ya faɗa, kuma shi aka ce ya koma gida baratacce.

38/ Ga abin da nake yi yanzu, wata uku ke nan. Kafin in buɗe WhatsApp da safe, Addu'ar Ubangiji. In na sa makulli a ƙofar shago, aya ɗaya. Kafin in kwance wayar mutum, roƙon kada in ɓata masa kaya, kada kuma in cuce shi a farashi. Wannan ta ƙarshen ta fi ci mini rai, gaskiya.

39/ Ƙararrawar rana kuwa kyauta na samu. In ladan ya kira Azahar da La'asar, abokina ya ɗauki buta ya fita, ni ma sai in kife waya in yi minti biyu a kan kujerata. Shi da tasa, ni da tawa, ba gasa muke ba. Akwai ranakun da nake mantawa. Sai in yi irin ta Lawrence, in ɗora.

40/ Da na ba Mama labarin kukun Paris, dariya ta yi ta ce: "Kai sai yanzu ka sani? Kai a zatonka da wa nake magana in ina tuƙa tuwo?" Shekara da shekaru ina jin ƙus-ƙus ɗinta a bakin murhu, na ɗauka mita take yi da hayaƙi.

41/ Abokin nawa ma na koma na ba shi amsar gaskiya: a'a, ba Lahadi kaɗai ba ce, tun ƙarni na farko an ce mana sau uku a rana, ni ne na yi sakaci. Ya ce to madalla, ai gara da na tambaya.

42/ In kai mai bi ne kuma asuba tana kayar da kai kamar ni, kada ka jira gobe. Zaɓi abu ɗaya da dole za ka yi yau, sa takalmi ne, hawa Keke Napep ne, jona caji ne, ka ɗaura masa jimla ɗaya. Ku faɗa mini a ƙasa wanne kuka zaɓa.